Idan kamfani ya raba ma'aikatansa gida biyu, me ke faruwa da gem ɗin da muke bugawa?

Tambayarka ita ce gem ɗin da kake bugawa a intanet yau shekara uku ya fara taɓarɓarewa tun ranar da kamfanin ya ce yana haɗa wani sabo, afdet ya ja baya, masu maguɗi sun cika ko'ina, amma kayan da ake sayarwa a shagon cikin gem ɗin ba su taɓa fashi ba ko sau ɗaya, to shin kwashe ma'aikata aka yi aka kai wancan sabon ko kuwa zargi ne kawai irin na 'yan wasa.

Ɗan'uwa ba zargi ba ne. Na yi shekaru ina aikin furodusa a ɓangaren gem na intanet, kuma alamomin nan uku da ka lissafa su ne dai nake gani duk lokacin da aka raba tim. Amma akwai inda nake so in gyara maka, don yawancin mutane idan suna wannan maganar lissafin kawuna suke yi, wai da mutum ɗari ne yanzu saura sittin shi ya sa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke kashe gem shi ne WA aka ɗauke, da kuma YADDA aka ɗauke shi. Za a iya cire mutum talatin gem bai ji a jikinsa ba, a cire mutum uku ya durƙushe.

Bari in fara da bambancin gem na intanet da wanda ake bugawa mutum shi kaɗai. Wancan idan an gama shi an gama, a gyara 'yan kurakurai na wata biyu uku sai kowa ya kama wani aikin, ba wanda ya cutu. Shi kuwa na intanet ranar da aka sake shi ranar aikin ya fara. Sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan, tana buƙatar mai kwana a kanta, tsarin da ke haɗa 'yan wasa da juna yana buƙatar a riƙa juya shi saboda yawan mutane yana hawa yana sauka, masu maguɗi kullum suna ƙirƙiro sabuwar hanya, makamin da yake daidai a watan jiya yau wani ya gano dabarar da ta mai da shi ya fi ƙarfin kowa, ga kuma sabon sizin, wato zangon da ake kawo sababbin abubuwa, da dole ya fito duk wata biyu ko uku in ba haka ba mutane su watse. Kamar dabba ce a turke, ba ka cewa ai na ba ta ruwa jiya.

To sai kamfani ya ce zai fara sabon gem. Su wa ake buƙata a farkon sabon aiki? Ba sababbin ɗauka ba. A farko ba a buƙatar mutane da yawa, ana buƙatar 'yan kaɗan ne amma ƙwararru, wanda ya san injin, wato manhajar da aka gina gem ɗin a kanta, ciki da waje, wanda ya tsara yadda harbi ko duka ke ji a hannu, wanda ya gina sabar tun daga tushe. Wato dai ginshiƙan tsohon gem ɗin. A takarda sai ka ga an ɗauki mutum goma cikin ɗari da hamsin, manaja ya ce ai ko kashi goma bai kai ba, alhali goman nan su ne waɗanda kowa ke zuwa teburinsu idan abu ya cije.

Kuma wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai, kamfanonin da kansu sun faɗa da bakinsu. A ƙarshen Yuli 2024 Bungie, masu Destiny 2, suka sallami mutum 220, kusan kashi 17 cikin ɗari na ma'aikatansu, sannan suka ce wasu 155 za su koma ƙarƙashin Sony, uwar kamfaninsu. Shugabansu na lokacin Pete Parsons ya rubuta cewa sun buɗe ƙananan ayyuka da dama na gwajin sababbin gem, kowanne suka ɗora masa manyan ƙwararru daga tim ɗin da suke da su, daga baya suka gane abin ya yayyaga ƙarfinsu fiye da kima kuma cikin gaggawa. Ka lura da kalmar, manyan ƙwararru. Kafin nan a Janairu 2024 Riot Games, masu League of Legends da Valorant, sun sallami mutum 530, shugabansu Dylan Jadeja ya ce kamfanin ya rasa alƙibla guda, abubuwan da suka ɗauko sun yi yawa. Hausawa sun riga sun gama maganar, taura biyu ba ta taunuwa.

Amma fa ɗaukewa gaba ɗaya ta fi sauƙi a kan abin da na fi tsana a wannan sana'a, wato raba mutum ɗaya gida biyu. A ce wai wane zai ba tsohon gem rabin lokacinsa, sabon kuma rabi. Wallahi babu wani abu wai shi rabin injiniya. Bari in ba ka abin da ya faru a gabana.

A wani kamfani da na yi aiki muna da wata injiniya, ita ta rubuta kusan duk tsarin da ke haɗa 'yan wasa a layi kafin a shiga fage. Aka fara sabon furojet aka ce Litinin zuwa Laraba tana can, Alhamis da Juma'a tana wajenmu. Watan farko lafiya lau. Wata na biyu Alhamis ɗin ta fara tafiya saboda can suna da mitin ɗin da ba ya yiwuwa sai da ita, kuma can ne idon shugabanni yake, can ake nuna wa masu zuba kuɗi, to wa zai ce mata kar ta je. Rannan muka saki wani sabon salon wasa da yamma, cikin awa ɗaya layi ya cushe, mutane suna zaune suna kallon agogo yana juyawa minti goma sha biyar ba a haɗa su da kowa ba. Yaron da aka bar wa wajen, yaro mai ƙoƙari sosai amma watansa biyar da zuwa, ya buɗe fayil ɗin saiti ya tarar da wata lamba da aka rubuta a gefenta “kar a taɓa sai an tambaye ni”, ba bayanin dalili, ba komai. Ya ji tsoron taɓawa, kuma gaskiyarsa ne. Muka kwana biyu muna ƙara sabar muna kashewa muna kunnawa, kuɗi na ƙonewa, 'yan wasa na zaginmu, shi kuma idonsa ya yi ja don rashin barci. Da ta samu ta zo ta zauna, minti ashirin ba ta cika ba ta gyara, ashe lambar tana iyakance yawan rukunin da tsarin zai duba a lokaci guda ne, ta sa ta tun shekarun baya saboda wata matsalar da tuni aka kawar. Ba laifinta ba ne, ba laifin yaron ba ne. Laifinmu ne mu da muka zauna muka amince cewa ilimin da ke cikin kan mutum ana iya yanka shi biyu kamar yadda ake yanka awoyin aiki a jadawali.

Kuma ko ba a samu irin wannan gobarar ba, akwai asarar da ba ta fitowa a kowane rahoto. Mai rubuta kod idan ya nutsa cikin matsala yana riƙe da abubuwa da yawa a kansa lokaci guda, wannan yana kiran wancan, wancan yana jiran amsar sabar, in ka tashe shi ka kai shi wani furojet mai nasa tsarin daban sai duk abin ya zube, idan ya dawo sai ya sake tattarowa daga farko. Gerald Weinberg, wani tsohon masanin harkar manhaja, ya yi ƙiyasi tun farkon shekarun 1990 cewa duk aikin da ka ƙara wa mutum a kan na farko yana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na lokacinsa a sauye-sauye kawai. Ƙiyasi ne na gogewa ba awo na ɗakin bincike ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe tim zai ce maka bai yi ƙari ba. Wato mai aiki biyu ba hamsin hamsin yake bayarwa ba, arba'in arba'in ne, mai uku kuwa kusan ashirin ashirin, sauran ya tafi a hanya. Ga mitin ya ninku, ga shugabanni biyu kowanne yana ganin nasa ne na gaggawa.

Yanzu ga abin da ke ruɗa 'yan wasa, lalacewar ba ta bayyana nan take. Gem na intanet yana da rumbu. Sizin ɗin da kake bugawa yau an gama yawancin aikinsa watanni da suka wuce, na gaba yana hannun masu gwaji, na bayansa ana ginawa. To idan aka kwashe mutane a watan Janairu kai ba za ka ji komai ba har wajen tsakiyar shekara ko ma ƙarshenta, ana ta ci daga rumbu, shugabanni suna duba alƙaluma suna cewa kun gani ba abin da ya faru, har ma su ƙara ɗiban wasu. Ranar da rumbun ya ƙare sai komai ya zo lokaci ɗaya, sizin ya makara, taswirar da aka yi alkawari ta zama tsohuwa da aka yi wa fenti, kuskuren da aka gyara bara ya dawo. A lokacin kuma waɗanda za su iya ceto wajen sun yi nisa a can, ba a iya janyo su ba tare da an karya wancan ba.

Overwatch ne misalin da ya fi fitowa fili. Ya fito a Mayu 2016, shekarun farko ana samun sababbin jarumai a kai a kai. A Nuwamba 2019 Blizzard suka sanar da Overwatch 2, sai jaruma Echo ta fito a Afrilu 2020, daga ita ba a sake ganin sabon jarumi a gem ɗin ba har Overwatch 2 ya fito a Oktoba 2022. Shekara biyu da rabi kenan a gem ɗin da rayuwarsa ta dogara da sabon abu. Daraktan gem ɗin Aaron Keller ya fito a Maris 2022 ya amsa cewa sun gaza wa 'yan wasa wajen kawo sababbin abubuwa. Abin da ya fi ciwo, babban ɓangaren da aka karkatar da ƙarfin dominsa, wato yaƙi da kwamfuta mai tsarin haɓaka jarumi, a Mayu 2023 aka ce an fasa shi. An bar na hannu an bi na tashi, na tashin kuma bai kamu ba.

Wani lokacin kuma ba sabon gem da ake ginawa ne ke janye mutane ba, wanda ya riga ya yi tashe ne yake haɗiye 'yan'uwansa. Epic Games suna da Paragon, suna kuma gina sabon Unreal Tournament, sai Fortnite Battle Royale ya fito a Satumba 2017 ya zama abin da ya zama. A Janairu 2018 suka faɗa wa 'yan Paragon cewa wasu daga cikin tim sun koma taimakon Fortnite, ba a jima ba suka ce za su rufe, ranar 26 ga Afrilu 2018 aka kashe sabar, sai dai sun mayar wa mutane kuɗinsu, wannan kam a yaba musu. Unreal Tournament ma aka jingine shi. A Disamba 2018 Blizzard suka ce suna mayar da wasu masu aikin Heroes of the Storm zuwa wasu ayyuka, suka soke babbar gasarsa a sanarwa ɗaya, mutanen da wasan ne sana'arsu suka wayi gari ba aiki, zuwa Yuli 2022 aka daina yi masa sabon abu sai 'yan gyare-gyare. Rockstar ma a Yuli 2022 suka ce suna karkatar da ƙarfinsu zuwa GTA na gaba don haka Red Dead Online ba zai ƙara samun manyan afdet irin na da ba.

Maganar masu maguɗi da ka kawo, nan ne rabon ma'aikata ya fi saurin nunawa, don shi yaƙi da maguɗi ba abu ne da ake ginawa a gama ba, tsere ne. Masu haɗa manhajar cuta sana'arsu ce, sayarwa suke, duk afdet ɗin da ka saki cikin kwanaki sun warware shi. In akwai masu bibiya kullum ana toshewa ana korarsu, in aka rage su sai tazarar da ke tsakanin ɓullar sabuwar cuta da toshe ta ta tashi daga kwana uku zuwa wata uku, kuma su masu cutar suna lura, labari yana bazuwa a tsakaninsu cewa gidan nan ba mai gadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Titanfall ya ga wannan, a 2021 aka yi ta kai wa sabar ɗinsa hari har wasan ya kusa gagarar bugawa, abin ya kai wasu suka kutsa Apex Legends a farkon Yuli suna liƙa saƙon a ceci Titanfall. Wani jami'in Respawn, masu Titanfall da Apex, mai hulɗa da 'yan wasa ya faɗa a lokacin cewa mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke kan matsalar saboda sauran duk suna Apex. Kafin shekarar ta ƙare an daina sayar da Titanfall na farko. Team Fortress 2 na Valve ma haka ya yi shekaru bot-bot na maguɗi, wato manhajar da ke buga wasan da kanta ba mutum ba, suna cika fage, har 'yan wasa suka yi gangamin neman a cece shi a 2022 suka sake wani a 2024 kafin a ga an yi shara ta sosai.

To me ya sa kayan shago ba sa fashi? Na san wannan ne ya fi ba ka haushi, kuma ina fahimta, amma a nan zan ɗan kare ma'aikatan. Wanda ke zana riga ko fentin bindiga ba shi ne mai gyara sabar ba, ko ka ɗaure shi ba zai iya ba, sana'a ce daban. Kayan ado kuma su ne suka fi sauƙin bayarwa kwangila ga kamfanonin zane na waje, ka ba su samfuri su kawo maka guda hamsin, ba sa buƙatar sanin cikin injin. Gyaran lag kuwa, wato jinkirin da wasa ke yi kafin ya amsa maka, ba ya bayuwa kwangila cikin sauƙi, sai wanda ya san inda aka binne kowace waya. Don haka idan ka ga riguna na fitowa kurakurai na zaune, ba wai an zaɓi riga a kan gyara a wannan makon ba ne, masu gyaran ne ba sa nan. Inda laifin kamfani yake shi ne sun san shago ne ke kawo kuɗin da ake gina sabon gem da shi, don haka shi kaɗai ne layin da ba za su bari ya tsaya ba. Kuɗinka na tsohon gem ne ke biyan albashin waɗanda aka ɗauke daga gare shi, wannan gaskiya ce kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mutane.

Akwai kuma masu gwaji, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. A kamfanoni da yawa tim ɗin gwaji ɗaya ne ake rabawa tsakanin duk ayyuka, idan sabon gem ya kusa fita sai a kwashe su kaf. Tsohon mai gwaji da ya shekara uku a gem ɗaya ya san cewa duk sanda aka taɓa tsalle sai an je an duba wani lungu a wata taswira don nan ake faɗawa ƙarƙashin ƙasa, wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba, a kansa yake. In ka ga afdet ya gyara abu ɗaya ya ɓata uku, yawanci nan ne.

Wani zai ce to ai mafita a fili take, a ɗauki sababbin ma'aikata a cike gurbin. Ana yi, amma ba ya aiki da saurin da ake zato. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Dalili biyu ne. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma mai koyarwar shi ne ƙwararren nan guda da ya rage, wanda dama aiki ya yi masa yawa. Sannan hanyoyin magana suna ninkuwa fiye da yawan mutane, mutum 5 hanyoyin da ke tsakaninsu 10 ne, mutum 10 sun zama 45, mutum 20 sun zama 190. A kod ɗin da ya shekara biyar ana ɗora masa gini a kan gini, sabon injiniya ko ya iya aiki yakan ɗauki watanni kafin a sake masa ɓangare mai haɗari. A Maris 2021 EA suka ɗage Need for Speed da shekara guda suka tura masu yin sa, Criterion, su taimaka wa DICE, masu yin Battlefield 2042, duk da haka gem ɗin ya fito a Nuwamba da tarin matsaloli har sizin na farko bai zo ba sai Yuni 2022. Matsalolinsa suna da dalilai da yawa, amma ya nuna cewa tara hannaye a ƙurarren lokaci ba ya sayen inganci, kuma wancan gem ɗin da aka ɗauke wa mutane shi ma ya biya.

Kar ka ɗauka ina cewa kamfani ya zauna a kan gem ɗaya har abada. Ba zai yiwu ba. Duk gem yana tsufa, kamfanin da bai shuka wani ba ranar da wannan ya faɗi kowa ya rasa aiki. Kuma mutane ne, wanda ya shekara shida yana gyara abu ɗaya ya gaji, in ba ka ba shi sabon abu a cikin gida ba zai tafi wani kamfanin, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago, gwamma yana ofishin da ke kusa ana iya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shi kansa Fortnite Battle Royale ɗin mutanen Unreal Tournament ne suka taimaka aka haɗa shi cikin kusan wata biyu, Apex kuma daga hannun masu Titanfall ya fito. Rabon ba haramun ba ne, yadda ake yin sa ne.

Kuma akwai waɗanda suka yi shi da kyau. Final Fantasy XIV ya fito a 2010 a lalace, a Disamba na shekarar aka ba Naoki Yoshida ragamarsa, ya yanke shawarar a ci gaba da gyara tsohon ana kuma gina sabo daga tushe a lokaci guda, aka kashe tsohon a Nuwamba 2012, sabon mai suna A Realm Reborn ya fito a Agusta 2013 ya farfaɗo da sunan gaba ɗaya. Abin da ya bambanta shi, ayyukan biyu manufarsu ɗaya, shugaba ɗaya ke yanke hukunci a kan duka, akwai ranar da aka san tsohon zai ƙare, kuma an faɗa wa 'yan wasa gaskiya tun farko. Jagex ma da suka dawo da Old School RuneScape a 2013 daga ajiyar 2007 sun ba shi nasa tim ɗin, ƙarami ne a farko amma nasa ne, ba aro ba. Ubisoft a 2017 suka tsayar da sabon sizin na Rainbow Six Siege kusan wata uku, suka kira shi Operation Health, ba sabon jarumi ba sabuwar taswira sai gyaran sabar da tsarin haɗa wasa, mutane sun yi ta ƙorafi a lokacin amma gem ɗin da ya fito a Disamba 2015 har yau ana buga shi. Naughty Dog kuwa lissafin suka yi tun kafin su faɗa ramin, a Disamba 2023 suka soke The Last of Us Online suka ce in suka sake shi dole duk ƙarfin kamfanin ya koma ciyar da shi na shekaru, ba za su iya haɗa shi da irin gem ɗin da suka saba yi ba. Na ji zafin sokewar, amma na fi girmama wannan a kan a saki abu a karɓi kuɗin mutane a bar shi ya mutu a tsaye kamar yadda Anthem ya yi, wanda ya fito a Fabrairu 2019, aka bar ƙaramin tim na kusan mutum 30 suna ƙoƙarin sake gina shi, a Fabrairu 2021 aka ce su ma su koma Dragon Age, wani gem ɗin kamfanin.

Ni in aka ba ni zaɓi a yau, sharuɗɗana ba su da yawa. Wanda zai tafi ya tafi gaba ɗaya, amma kafin ya tafi ya zauna wata biyu ko uku da wanda zai gaje shi, magajin ne ke riƙe da sitiyari shi yana gefe, har sai an yi gobara ɗaya an kashe ba tare da ya sa hannu ba. Kowane ɓangare mai haɗari, sabar, biyan kuɗi, haɗa wasa, yaƙi da maguɗi, ya zama aƙalla mutum biyu sun san shi. Tsohon gem ya samu shugaban da ke da ikon cewa a'a idan aka zo aron mutanensa. Sannan in an rage hannaye a rage alkawari, a fito a ce sizin zai koma wata huɗu maimakon uku, 'yan wasa suna iya haƙuri da jinkirin da aka sanar da su, abin da ba sa yafewa shi ne shiru.

Kai kuma da kake waje ga yadda za ka gane inda naka gem ɗin ya dosa. Kar ka kalli shago, kar ka kalli bidiyon talla. Buɗe bayanan afdet na shekara guda da ta wuce ka jera su da na yanzu, ka duba ɓangaren gyaran kurakurai da daidaita makamai, yana tsawo ko yana gajarta, kuma gyaran na abubuwa masu zurfi ne kamar sabar da lag ko kuwa canza lamba ne kawai, a ƙara wa wannan bindiga biyu a rage wa waccan uku, don canza lamba mutum ɗaya ma yana iya yi da rana ɗaya. Duba jerin matsalolin da suka ce sun sani, in abu ɗaya ya kwana sizin uku a jerin to babu mai shi. Duba kwana nawa suke ɗauka idan abu ya fashe ranar Juma'a, a da ana gyarawa a daren ko sai Talata. Duba shafin ɗaukar ma'aikatansu, guraben na gem ɗinka ne ko duk na “aikin da ba a sanar ba” ne. Duba kuma fuskokin da ke fitowa a bidiyon bayani, in daraktan da mai tsara wasan da ka saba gani duk sun ɓace a cikin 'yan watanni ba a ce sun bar kamfanin ba, to suna ɗaya ɗakin.

In uku daga cikin waɗannan sun haɗu a gem ɗinka, shawarata kar ka sayi wani abu mai tsawon shekara ko ka tara kuɗin cikin gem da yawa, ka riƙa sayen sizin ɗaya ɗaya, shi ma sai bayan ya fito da mako guda ka ga yadda sabar ta ɗauke shi. Idan za ka rubuta musu ƙorafi kuma ka sa sunan taswirar, lokacin da abin ya faru, na'urar da kake bugawa da ita da ɗan bidiyo, don mai karantawa a can wataƙila irin yaron nan ne mai wata biyar, shi kaɗai a gaban fayil ɗin da bai rubuta ba, kuma rahoton da ya nuna masa daidai inda zai duba shi ne zai fara ɗauka.